Rumfar bakin teku da aka zana a Katsina

Wani attajiri Bakatsine, wanda ya daɗe yana safarar hatsi da dabbobi tsakanin Arewa da Legas, ya sayi fili a gaɓar teku a yankin Badagry. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, 'yan kasuwarmu da dama sun fara kai ido wannan kusurwa, shi kuwa ya riga su. Wurin yini yake so a filin, inda iyalinsa da baƙinsa za su zauna su sha iska, su ci abinci, su yi salla, in ta kama a ba da haya ga masu walima ko ƙaramin taro. Babu ɗakin kwana a ciki. Ya ba wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine da ke cikin birnin Katsina aikin, da sharaɗi guda: duk wanda ya hango ginin daga nesa ya san na Bakatsine ne.

Ni ne mai ƙididdigar kaya da kuɗi a aikin, don haka kowane zane ta hannuna ya bi kafin ya isa gaban Alhaji. Na ga ya dace in rubuta yadda aka yi, domin abin ya wuce gyaran taga ko ƙarin ginshiƙi. Jerin muhimmancin sassan ginin aka juya kacokan. Wanda ke kan gaba ya koma baya, wanda ake cusawa a ƙarshen takarda ya dawo layin farko. Matasanmu masu zane suna samun aiki yanzu a Legas da Fatakwal da Kwatano, kuma irin wannan matsala za ta ci gaba da tare su a hanya.

Zanen farko

Akitek ɗin, wato mai zanen ginin, matashi ne mai hannu, kuma yana ƙaunar ginin gargajiya har zuciya. Zanensa na farko ya yi kyau ƙwarai a kwamfuta. Dogon zaure a gaba, da bakan gizo na kankare a ciki, wato lanƙwasassun bakunan da ke ɗauke da rufi, zankwaye a kusurwoyi, dagi a goshin ƙofa. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, ɓoye a bayan rawani, wato gajeren bangon da ke kewaye bakin rufi. Bangaye masu kauri, tagogi ƙanana can sama. In ka wuce zauren sai babban falo, wanda aka yi wa gilashi guda mai faɗi yana kallon ruwa. Sashen mata yana baya ta wajen hanya, kusa da kicin da banɗakuna. Daɓen kuwa taki biyu kawai ya ɗara rairayi, a kan irin harsashin da ake haƙa wa kowane gida a Ƙofar Ƙaura. Alhaji ya gani ya ce madalla, a fara.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kukan namu yana da dalili. Katsina da ganuwa aka san ta, da ƙofofinta, Guga da Durɓi da Marusa da Sauri da sauransu. Gida ma haka ake fara shi, katanga tukuna, sannan zaure, sannan a yi tunanin ɗakuna. Bangon tubali mai kauri yana tare ƙurar hunturu, yana suturta iyali, yana kuma jinkirta zafi. Ranar Afrilu da ke haura digiri 40 ba ta gama ratsa shi sai dare ya yi, lokacin da iska ta huce, mutane sun fito tsakar gida da tabarminsu. Tun da bango ne ke ɗauke da wannan nauyi duka, shi ake yi wa ado, shi ne fuskar mai gida. Duk wanda ya tsaya gaban Gidan Korau ko fadar Daura, ko ya ɗaga kai ya dubi Gobarau, ya san a ƙasarmu a jikin bango ake nuna girma.

Takardar ƙididdigata ta bi wannan tsari ba tare da kowa ya umarce ta ba. Kaso mafi tsoka ya tafi ga bulo, filasta, ado da fenti. Harsashi da rufi suka biyo baya. Indararo da ƙusoshi da noti da ƙarafan ɗaure katako kuwa suna can ƙarshe, a layin da muke tara ƙananan kaya mu sa musu kuɗi a dunƙule. Mai son sanin abin da gini ya ɗauka da muhimmanci ya duba takardar kuɗinsa, ta fi zanen faɗin gaskiya.

Abin da aka tarar a filin

Injiniyan da aka ɗauko don lissafin ƙarfin ginin ya taɓa aiki a Kudu, shi ya ƙi sa hannu sai an je an gani da ido. Aka je.

Rairayi ne zalla da itatuwan kwakwa, teku a kudu, hanya a arewa. Ruwan yana hawa yana sauka sau biyu a kowace kwana, tazarar kusan mita 1, kuma wannan da sauƙi tunda an san lokacinsa. Wani tsohon masunci daga mutanen Egun, mazauna yankin, ya ja su zuwa gindin wata kwakwa, ya nuna musu ta bakin tafinta inda ruwa ke kaiwa a tsakiyar damina idan tekun ya fusata. Wurin ya wuce inda Akitek ya ajiye falonsa. Tsohon ya ƙara da cewa bakin ruwan ba ya zama wuri ɗaya, bana ya ba ka ƙasa, baɗi ya karɓe abinsa.

Maganar tsohon tana da shaida a tarihin Legas kanta. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da Turawa suka gina dogayen katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwan Legas tsakanin 1908 da 1912, sai rairayin ya riƙa taruwa a yamma da su, gabas ta rasa mai ciyar da ita. Haka gaɓar Bar Beach da ke gabas da katangun ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kafin a cike wurin a kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Injiniya ya yi wa Akitek bayanin cewa ƙaramin bango ma haka yake yi a nasa gwargwadon. In igiya ta doke shi, sai ta juya ta yashe rairayin da ke gindinsa, wata rana a wayi gari harsashin yana reto a iska.

Sannan suka zaga gine-ginen maƙwabta. Wasu ba su tsufa ba, amma kankaren ya fashe, rodi ya fito waje ja wur da tsatsa. Mu kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to gishirin teku ba ya jiran tsaga. Iska ce ke ɗauko shi, ya zauna a jikin gini, danshi ya narkar da shi, ya tsotsu ta ƙananan ramukan kankare har ya isa rodi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ninka girmansa, sai ya fasa kankaren daga ciki. Ba a Legas kaɗai ba. Ɗakin taron De La Warr da Erich Mendelsohn da Serge Chermayeff suka zana a bakin tekun Bexhill a Ingila, wanda aka buɗe a 1935, ana koyar da shi a makarantun zane har yau, amma iskar teku ta ci ƙarafansa har sai da aka yi masa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2005.

Zafin can ma daban yake da namu. Legas tana samun fiye da ninki biyu na ruwan saman da Katsina ke samu, iskarta a jiƙe take, dare kuma ba ya hucewa sosai. Bango mai kauri a can ba shi da sanyin dare da zai adana, sai ya tara danshi ya yi hunhuna. Abin da ke sanyaya jiki shi ne iska mai motsi, ga ta nan kuwa kyauta daga kudu maso yamma kusan duk shekara, kuma zanen farko ya toshe ta da gilashi, ya sa na'urar sanyaya ɗaki a madadinta. Akitek da kansa ya lura cewa wurin da ya fi daɗin zama a gaɓar duka shi ne 'yar rumfar masunta, sanduna da ganyen kwakwa, babu bango ko ɗaya.

Zaman da aka yi da Baba

Da aka dawo Katsina, Akitek ya ɗauki hotunan ya tafi wurin wani dattijon magini, gadon gidansu ne ginin ƙasa, wanda ya saba neman shawararsa a kan bakan gizo. Ina wurin.

Dattijon ya daɗe yana duba hotunan, sannan ya ce, "Ɗana, ta ina ruwa ke dukan gini a can?"

"Baba, ta ko'ina. Ta sama, ta ƙasa, iskar ma ɗauke take da gishiri."

"To ba soro za ku gina ba ke nan. Rumfa za ku kafa."

Akitek ya ce tsoronsa kada ya bar gargajiya. Dattijon ya tambaye shi, in damina ta gabato aka kira magini ya duba gida, ina yake fara zuwa? Tsani yake sawa ya hau rufi. Ya duba indararo ko ya toshe, ya duba inda ruwa ke kwanciya, sannan ya sauko ya shafa bangon gabas, domin daga gabas hadari ke dukanmu. Zanko in ya gutsure yana iya jiran kaka. Indararo in ya toshe, ruwa ɗaya ya isa ya kawo soro ƙasa. Ya ce, "Ido yana da nasa jeri, ruwa yana da nasa. Mai gida na ido ya sani. Magini kuwa dole ya san duka biyun."

A ganina wannan ita ce maganar da ta warware aikin. A Katsina jerin biyu sun kusa haɗuwa, tunda bangon da ido ke so shi ne kuma ke kare mutum daga rana da ƙura, shi ya sa ba mu cika lura cewa biyu ne ba. A bakin teku sai suka rabu, kowanne ya kama hanyarsa, zanen farko kuma ya bi na ido shi kaɗai.

Dattijon ya ƙara wani abu da Akitek ya sani a takarda amma bai taɓa auna shi haka ba. Azarar giginya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kusan mita 2. Saboda haka tun asali rufi ne ke faɗa wa bango inda zai tsaya. Don a samu ɗaki mai faɗi ne aka ƙirƙiro bakan gizo, kuma gwanintar magini a can sama take. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ba fuskarsa ta waje ce ta ɗaukaka sunansa ba, sai ka shiga ka ɗaga kai.

Akitek ya tuna da Gottfried Semper, Bajamushen da ya rubuta a 1851 cewa gini ya samo asali daga abu huɗu: murhu, tudun da ake ɗora gini a kai, rufi, da abin kewaye. Abin kewayen kuma, a faɗarsa, da saƙa ya fara kafin ya zama bulo ko dutse. Dattijon ya ji ya yi murmushi ya ce ai zana ke nan, har yanzu ita ke kewaye gidaje a ƙauyukanmu.

Sabon jeri

Daɓe aka fara da shi. An janye ginin baya, ya wuce alamar tsohon masunci, ya kuma cika tazarar da dokar tsara gari ta jihar Legas ta ce a bari tsakanin gini da bakin teku. Aka ɗaga shi bisa turakun kankare da aka kafa can cikin ƙasa, yadda in ruwa ya zo zai wuce ta ƙarƙashi bai sami abin da zai doka ba. Injiniya ya rubuta cewa kaurin kankaren da zai lulluɓe rodi kada ya gaza milimita 50, inda a gida mukan wadatu da 25. Ya hana a kwaɓa siminti da rairayin wurin ko ruwan rijiyar wurin, domin duka da gishiri a ciki, sai an kawo yashin kogi da ruwa mai daɗi daga nesa. Birkiloli suna ganin wannan ɓarna ce, ga yashi har iyakar ganin ido a ce sai an sayo wani. Dole aka sa mai tsaro a kan wannan sharaɗi shi kaɗai. Saman dandamalin kuwa katakon ekki ne, wanda ake yin gadojin ruwa da shi, mai taurin da ƙusa ba ta shigarsa sai an huda, an jera shi da 'yar tazara don ruwa da rairayi su zube.

Akwai abu guda a kan daɓen nan da nake so masu zane su riƙe. Hotunan rumfunan bakin teku da ake gani a intanet, an auna su ne da idon mai tsaye ko mai zaune a kujera. Mu kuwa a ƙasa muke zama, a kan tabarma ko darduma, a nan muke cin abinci, a nan muke hira, a nan tsofaffi ke kishingiɗa. Akitek ya zauna a ƙasa a ofis ya sa aka auna tsayin idonsa, ya sake zana shingen bakin dandamalin da siraran sanduna a tsaye, masu kusancin da yaro ba zai zura kai ba, amma wanda ke zaune yana ganin ruwa har inda ya haɗu da sama. Bakin rufin ma da wannan ido aka auna shi, aka sauko da shi ƙasa sosai don ya datse ƙyallin sama da ke kashe ido da rana tsaka. Daɓen da a zanen farko tayil kawai aka rubuta a gabansa, shi ya koma ma'aunin kowane tsayi a ginin.

Sai rufi. An bar shimfiɗaɗɗen rufi da rawaninsa, domin rawani a ƙasar ruwa tafki yake yi wa gini a ka. Aka yi mai gangara huɗu, mai tsini, da baki mai faɗi ta kowane gefe, da kafar fitar zafi a ƙololuwa. Kwanon alminiyum ne, da silin na katako a ƙarƙashi da sarari a tsakani, iska tana bi tana kwashe zafin kwanon, irin dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar firamaren Gando a Burkina Faso a 2001. Silin ɗin yana rage ƙarar ruwan sama ma, wadda in ba haka ba ba a jin maganar juna.

Matsalar rufin da babu bango ita ce iska. A Katsina tunaninmu kullum nauyi ne, kada rufi ya danne ya faɗo. A buɗaɗɗiyar rumfa a bakin teku, tashi sama rufin ke son yi. Iska tana shiga ta ƙasa tana tura shi, tana bi ta sama tana zuƙarsa, kamar malfa a kan manomi ranar hadari, in babu igiya a haɓa ta tafi. Kuma ba daga gefe ɗaya take zuwa ba, ta teku tana daga kudu maso yamma, guguwar farkon damina da ta ƙarshenta kuma daga gabas. Saboda haka aka ɗaure kwano da katakon da ke ƙarƙashinsa, katako da ginshiƙi, ginshiƙi da turken kankare, ba tare da an bar gaɓa ɗaya ta dogara da nauyi kawai ba.

A nan ne ƙusa da noti suka hau layin farko a takardata. Ƙarfin ɗaurin duka yana hannun ƙananan ƙarafan nan, kuma su gishiri ke fara ci. Injiniya ya ce sai ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316. A kasuwa za a miƙo maka mai lamba 304 a ce ai duk ɗaya ne, ido ba ya bambance su, maganaɗisu ma ba ya bambancewa. Na 316 yana da sinadarin molibdenam a ciki, shi ke sa ya jure gishiri, ɗayan kuwa sai ya fara tabo yana rarakewa. Muka sa sharaɗin takardar shaida daga mai sayarwa. Haka kuma ba a yarda alminiyum ya taɓa wani ƙarfe kai tsaye ba, sai da roba a tsakani, domin ƙarfe biyu mabambanta in ruwan gishiri ya haɗa su, ɗaya yana cin ɗaya. A da, layi ɗaya nake ba waɗannan kaya. Yanzu kowane iri da shafinsa, da adadinsa, da inda zai shiga.

Indararo ma ya samu ɗaukaka. An faɗaɗa shi, an tattara ruwan rufin duka zuwa tankuna, domin ruwan rijiyar wurin yana da ɗanɗanon gishiri. Wani malami abokin Alhaji ya tunatar da mu hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma haka ne. Sai dai famfo da bututu ba sa jure shi, girki ma ba ya yiwuwa da shi. Lantarki da fitilu ba su ba da wahala ba, an dai zaɓi masu rufaffen jiki.

Zauren fa? Akitek ya tambayi kansa aikin da zaure ke yi, ya ga a nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, kuma ƙofofinsa ba sa fuskantar juna don kada idon na waje ya zarce ciki. Ya ba wa hanyar hawa wannan aiki. Gada ce ta katako mai gangara a hankali, yadda tsoho da mai keken guragu za su hau, ta taso daga cikin kwakwa, ta yi kwana a wani ɗan dandamali mai inuwa inda ake cire takalmi a yi sallama, sannan ta juya, sai ga teku gaba ɗaya. Ya ce ya koyi wannan daga gidan shayin Boa Nova da Álvaro Siza ya gina kan duwatsun gaɓar Fotugal a 1963, inda matakala ke ɓoye maka ruwa ta kuma bayyana shi. Ni dai da na ga zanen, zauren gidanmu na gani an warware shi an shimfiɗa.

Hajiya, da fushin Alhaji

Bango ya koma ƙarshe, amma sutura ba ta koma ba, kuma a nan ne na fi jin tsoron aikin zai watse. Uwargidan Alhaji ce ta buɗe hanya. Da aka kai mata zanen farko ta duba inda aka ajiye mata, ta ce, "Akitek, mu taso tun daga Katsina don mu ga teku, ka zaunar da mu muna kallon bango da kicin? Ai da mun yi zamanmu a gida."

A sabon zanen, dandamalin biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, dukansu suna fuskantar ruwa. Na mata ya ɗan fi tsayi, ya kuma karkata, yadda wanda ke ɗayan ba ya ganin cikinsa, mai tafiya a rairayi kuma yana ƙasa da shi sosai. Tsakaninsu akwai tazara da wurin alwala. Gefuna kuwa asabari ne da tabarmin da matan yankin ke saƙawa, a sauke in ana so, a naɗe in ba a so, iska tana ratsawa ko an sauke. In sun ruɓe a canza, kuɗinsu kaɗan ne. Na yi imani matan gidan sun fi samun hakkinsu a wannan tsari fiye da na farko, kuma ba a taɓa mutuncin kowa ba.

Bangon gaske guda ɗaya ya rage, ban da na banɗaki da kicin. Alƙibla daga Badagry arewa maso gabas take, wato mai salla yana ba teku baya. Sai aka tsayar da bangon a can, ta wajen tudu, inda ba ya tare iska ba ya tare kallo, ya zama gaban masu salla.

Alhaji bai ji daɗi ba da aka nuna masa. Ya ce, "Akitek, wannan ai rumfar kasuwa ce. Ina Katsinar da na ce?" Sannan ya juyo wurina, yana tsammanin tunda an rage bulo kuɗi sun ragu. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin ba su ragu ba, wuri suka canza. Sun bar fuska sun shiga ƙasa da rufi." Mutum ya biya kuɗi masu yawa a kan abin da zai nutse cikin rairayi ba mai gani, abu ne mai ɗaci, kuma ban ga laifinsa ba. An kwashi lokaci ba ya ɗaukar waya.

Abin da ya sauko da shi, na farko hotunan rodin maƙwabta ne, da lissafin abin da gyaran irin wannan ke ci. Na biyu Hajiya. Na uku, Akitek ya nuna masa kasuwar Dandaji a Nijar, garin Hausawa, wadda Mariam Issoufou Kamara ta zana da laimomin ƙarfe masu launi, don ya ga rumfa ma tana iya ɗaukar martaba har duniya ta san da ita. Sannan ya nuna masa inda ya kai Katsinar. Katakon silin an jera shi da tsarin ɗaurin guga, irin na zaurukan sarauta, wanda ya zauna ya ɗaga kai zai gane gida. Bangon alƙibla kuma aka ba shi dagi da zanen hannu, mai shafe daga Katsina zai je ya yi.

Zankwaye dai an hana su hawa rufin. Kowanne sai an huda kwano kafin a kafa shi, kowace huda kuma ƙofar ruwa ce, ga shi zai ba iska abin kamawa. A nan dole a faɗi gaskiya, sharaɗin Alhaji bai cika ba. Wanda ya hango ginin daga nesa ba zai ce na Bakatsine ne ba, sai ya shiga. Rashi ne, kuma Alhaji yana ambatonsa har yanzu.

Akwai kuma haɗarin da sabon tsarin ya zo da shi. Gini mara nauyi yana son kulawa fiye da mai nauyi. Makarantar da Kunlé Adeyemi ya zana tana yawo kan ruwan Makoko, wadda aka kammala a 2013, ta sami yabo a duniya, amma ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwa mai ƙarfi, lokacin da ta riga ta lalace an kwashe ɗalibai daga cikinta. Saboda haka muka haɗa wa Alhaji takardar kulawa tare da zanen: a wanke ƙarafa da ƙarƙashin bakin rufi da ruwa mai daɗi a kai a kai, tunda ruwan sama ba ya kaiwa can ya wanke gishirin, a bi noti ɗaya bayan ɗaya kafin damina, a share indararo, a canza tabarmi. Na sa albashin mai gadi da zai iya wannan aiki a cikin lissafin shekara, domin mai gini yana Katsina, ginin yana can fiye da kilomita 1,000.

An kafa turakun, dandamalin ya tsaya, ana jiran kayan rufi. Alhaji ya dawo da maganar zaure, yana so a gina masa na gaske, da zankwayensa da dagi, a bakin hanya inda motoci ke shigowa, nesa da ruwa, bayan itatuwan kwakwa. Injiniya ya ce a can ƙasar ta fi tsayi, igiya ba ta kaiwa, zai sa hannu in an yi wa rufin gangara ta ɓoye da indararo masu faɗi aka kuma bi sharaɗin kankaren nan. Ina goyon baya, domin a bakin hanya akwai ƙura da idon masu wucewa, akwai kuma baƙon da zai tsaya ya yi sallama. Akitek ya fara zanen, ya kuma ce wannan karon takardar kuɗin zan fara kawo masa kafin ya zana fuskar.